Suna na Goma Sha Huɗu

Har yanzu kunya nake ji in na tuna. Ni aka zaɓa in karanta sunayen 'yan ƙauyenmu da suka mutu a yaƙi, ranar tunawa da su. Sunaye goma sha huɗu ne a jikin dutsen gaban coci, amma na ƙarshen ya goge. Na ji nauyin tambayar fasto, sai kawai na tsallake shi.

Ana gobe taron, bayan faɗuwar rana, na je wajen ina bita. Sai ga wani saurayi zaune kan katangar maƙabarta.

"'Yammata, ɗaga murya mana, wa zai ji wannan raɗar?" in ji shi.

Na ɗaga murya na karanta har ƙarshen takardata.

"Saura ɗaya."

"Ai ba ya karantuwa ne," na ce.

Sanyi ya sa bakina na fitar da tururi, nasa kuwa ko kaɗan. Takalmansa jage-jage da laka, alhali mako biyu ba a yi ruwa ba.

"Edwin Tuckwell," ya faɗa a hankali. "Sau ɗaya ake kirana a shekara, 'yammata. Kar ki hana ni."