Sai an Waiwayo

"Kalli idona ka ce ba kai ka rubuta ba!"

Ta dangwara masa wayarta a kan tebur. Hoton allon tallan da aka kafa a bakin titinsu ne: wata budurwa fara sol riƙe da kwalbar man bilicin, a ƙasa an rubuta, "Duk wanda ya gan ki, sai ya waiwayo."

Ya tashi ya tura ƙofar ofis.

"'Yar Baƙa, zauna mana..."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan!"

Shekara shida ke nan da ya fara faɗa mata maganar da ke jikin allon, a kamfanin talla na farko da ta yi aiki, lokacin tana sabuwar marubuciya, shi yana gyara mata rubutu da jan biro. Ranar ta yi kuka a banɗaki saboda wani mai kaya ya ce a samo masa fara ta gabatar da aikin. Shi ya tare ta a matakala ya faɗa mata, a hankali, ita kaɗai.

Shi ne kuma ya koya mata dokar sana'ar: duk magana mai daɗi a adana ta a littafi, wata rana za ta yi amfani.

Kamfani uku suka zaga tare. A na ukun aka ajiye mata kwalbar man nan a gabanta, ta ce ba za ta rubuta wa 'yan mata cewa fatarsu cuta ce ba. 'Yar mai kamfanin, wadda ta daɗe tana kai wa mai jan biron shayi da hannunta, ta kai ƙara sama. Kafin azahar an karɓe mata katin shiga.

Tun daga nan take aikin kanta a falon Umma, yau tallan shagon takalma, gobe shiru. Umma kullum cewa take, "Aikin da ake yi da zanen barci ai ba aiki ba ne. Ki riƙe mutumin nan, shi ya rage miki."

"Rabin raina, wata uku na yi ina neman abin da zan rubuta wa man nan," ya ce da ita yanzu a ofis. "Duk abin da na kai sai su watsar. Na buɗe tsohon littafina, na gan ta. In ban rubuta ba wani zai rubuta!"

"To wani ya rubuta mana! Wani bai faɗa min a matakala ba!"

"Asabar fa manyana za su zo gidanku..."

"Ka ce su huta."

Ta zare zoben alkawarin da ya ba ta, ta ɗora a kan jan bironsa.

A hanya ba ta ɗaga kai ta kalli allon ba. Tana shiga gida Umma ta dubi yatsanta, ta tafa hannu.

"Shi ke nan! Gaskiyarki za ki aura?"

Ta wuce ɗaki.

Auta na gaban madubi da kayan makaranta, shekararta sha biyar. Ta yi saurin ɓoye hannu a baya, amma murfin kwalbar man bilicin ya gangaro har gaban ƙafar yayarta.

"Yaya, kaɗan na shafa, wallahi..." Ta sunkuyar da kai. "Ni ban taɓa wucewa an waiwayo ba."