Sawu Biyu a Kufai

Wata la'asar Kulu na dawowa daga rijiya a bayan Kajiji, sai ta hangi wani saurayi zaune kan tudun rairayi, takarda a cinya, gawayi a hannu. Haliru ne, malamin elemantare na En'e daga Bodinga. Kufan da ke gabansa yake zanawa: rusasshen zaure, tsohuwar goriba, da yashi har iyakar gani.

"Malam, mutane sun ƙare ne ka koma ga kango?"

"Malamina ya hana ni zana mai rai," in ji shi. "Ba don haka ba, da yau kangon nan ya huta."

Ta ja mayafi ta yi gaba tana murmushi. Tun daga ranar kekensa ya san hanyar Kajiji.

Da magana ta yi nisa, ya ƙarasa zanen da shuni da jar ƙasa ya kawo mata.

"Kuluwata, abin hannuna ke nan."

"To ni ina nike ciki?"

"Duba ƙasa, haskena."

Sodangi, dillalin albasa da shi ma yake neman ta, ya riga shi zuwa wurin mahaifinta, Malam Na'Allah.

"Baba, wanda ya kai ma budurwa kufai, ai fata yake gidanta ya zama kango," in ji Sodangi.

Tsohon ya hana zance. Kulu ta yi kuka har ta gaji, sannan ta durƙusa ta shimfiɗa masa zanen.

"Baba, ka duba sau guda, kana ka ƙone shi."

Ya daɗe yana kallo. A kufan nan aka haife shi. Yunwa ce ta tashe su yana yaro. Ya sa aka kira Haliru.

"Kai yaro, wanga zaure tun asali gabas yake kallo, amma a zanenka ya juya. Kuma sawun wa ne nan cikin yashi?"

Haliru ya sunkuyar da kai. "Allah shi gafarta Malam, mai rai ba a zanawa. Sawunsa kawai na iya. Nawa ne da na Kulu."

"Shiga suke ko fita?"

"Shiga, Baba."

Tsohon ya share ido da hannun riga.

"Kufan da anka ga sawu na shiga bai mutu ba. Turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Zanen na rataye a ɗakin amarya, Haliru ya gyara zauren ya koma kallon gabas. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai raya gida.