Sai An Auna Tirelar Twila

Da tsakar rana Twila Unruh ta shiga garejin, a watan Yuni, ana tsaka da girbin alkamar Kansas. Rabin farantin tangaran ne a hannunta. Ta dire shi a kan kanta, gaban Emmett Schrag.

"Na shida ke nan da ya fashe a tirelarmu tun daga Oklahoma," ta ce. "An ce kai ke sayar da maganin wannan."

Emmett ya dubi farantin, ya dube ta. Ya lura ba ta juya wuya, sai dai ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

"Faranti kam ba na sayarwa. Wuyan nan naki fa, tun yaushe?"

Babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar.

Mahaifinta Delbert injinan girbi uku gare shi. Duk shekara muna bin alkama daga kudu zuwa arewa, inda ta nuna nan muke. Ni ke tuƙa masa ɗaya daga cikin manyan motocin hatsi. Twila kuwa, tun tana shekara sha takwas ita ke jan tirelar da suke kwana a ciki. Hancin tirelar, wato gabanta, yana zaune ne a kan wani mahaɗin ƙarfe a bayan akori-kurarta. Duk ramin da ta taka, tirelar sai ta ture motar, ta fizgo ta baya. Shekara bakwai ke nan tana shan wannan.

Emmett ya nuna mata mahaɗi mai jakunkunan iska, wanda ke shanye girgizar kafin ta iso ga direba. Iri biyu ne, babba da ƙarami.

"Wanne zan ɗauka?"

"Ban sani ba tukuna. Sai an kai tirelar kan sikeli, na ga nauyin da hancinta ke saukewa a kan motar."

"Kai ɗan kasuwa ne kuwa? An zo saye kana cewa ba ka sani ba."

"Gara in ce ban sani ba yau, da ki zage ni a Nebraska."

Ta yi dariya, ta dafe wuya, ta ba shi lambarta.

Da yammacin ranar ruwa ya sauko. Jiƙaƙƙiyar alkama ba ta yankuwa, don haka muka yi kwana tara a garin Pratt muna zaman jiran rana. Mu muna ƙorafi, su biyu ko a jikinsu. Kullum Emmett ya tashi daga aiki sai ya zo ya ɗauke ta su je shan askirim. Tun ba a je ko'ina ba ta sa masa suna Mai Sikeli, shi kuma yana ce mata Direbata.

"Direbata, yau ma hadari ya haɗo. Allah ya yafe mini, ni daɗi nake ji."

"Kar Baba ya ji ka, Mai Sikeli. Tun safe yake zagin sama. Ni ma dai ban yi addu'ar rana ba."

Rana ta shida Delbert ya je garejin da kansa, wai sayen mahaɗi. Gaskiyar magana, yaron ya je gani. Ya nuna babban da yatsa.

"Wannan. Ɗaura shi yau."

"Yallaɓai, a fara auna ta. Idan ya fi ƙarfin nauyinta ba zai lanƙwasa ba. Zai zama kamar ƙarfen da take fama da shi yanzu."

"Samari, shekara arba'in ina jan kaya. Abin da ya fi girma ba ya ba ka kunya. In cire wa tirela bututun ruwa, in cire wayar wuta, in naɗe gida guda saboda kai?"

"Saboda ita, Yallaɓai."

Delbert ya ciro kuɗi daga aljihu.

"Za ka sayar ko ba za ka sayar ba?"

"Ba tare da awo ba, a'a."

Delbert ya mayar da hularsa ya fita. Da ya dawo sansani ya ce wa Twila ba ya son ya sake ganin yaron nan. Mara kunya ne, in ji shi, kuma mutumin da ya kafe a gari ɗaya me zai yi da 'yar masu girbi?

Akwai Boyd, direban injin girbinmu na ɗaya. Shi Delbert yake so wa Twila, don in ta aure shi ba ta bar ayari ba. Boyd ba mugu ba ne, gwanin aiki ne, sai dai irin mutanen nan ne da ba sa karanta takardar da ke zuwa da kaya. Ya samo babban mahaɗi na hannu, ya ɗaura da kansa, ya ɗura masa iska har ya yi tauri kamar taya.

Rana ta fito, muka gama Kansas muka nausa arewa. Daga Nebraska Twila ta aika wa Emmett saƙo.

"An sa mini mai iskar. Babu wani bambanci. Faranti biyu sun sake tafiya."

Tana jiran ya tausaya mata ne. Shi kuwa abin da ya gani kawai shi ne wani ya taɓa motarta.

"Wa ya ɗaura?"

"Boyd."

"To, sai ki tambayi Boyd."

Ba ta amsa ba. Shi ma ya ƙi ƙarawa. Sati uku aka yi haka, kowa na riƙe da waya yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Na ga Twila tana duba tata a bakin gona, ta mayar aljihu, ta sake cirowa. Taurin kai ba na tsofaffi kaɗai ba ne.

A Winner, cikin Dakota ta Kudu, wuyan ya kai ta ga kwanciya kwana biyu. Da ta tashi ita ce ta karya shirun da saƙo.

"Mai Sikeli, ban zaɓi Boyd ba, ban kuma zaɓi mahaɗinsa ba. Ba a tambaye ni ba ne. Kai ma ba ka tambaye ni ba."

Amsar ba ta ɗauki minti biyar ba.

"Na yi wauta, Direbata. Kishi ne ya rufe mini ido. Ki yafe mini. Ranar Lahadi ina zuwa, ko Baba zai kore ni."

Kusan mil ɗari biyar ya tuƙo, da ƙaramin mahaɗin a bayan motarsa. Delbert na zaune a gindin tirela yana cin naman gashi da burodi ya gan shi.

"Ba na ce kar in sake ganinka ba?"

"Ka ce, Yallaɓai. Tambaya ɗaya na kawo, in ka amsa sai in juya. Ka taɓa sayar da alkama mota guda ba tare da ta hau sikeli ba?"

"Ni mahaukaci ne?"

"To ga sikelin rumbun hatsi can, mil biyu daga nan."

Twila ce ta fito, ta miƙa wa mahaifinta makullin akori-kurar.

"Baba, yaushe rabonka da shiga wannan motar tana jan tirela?"

Shi kullum a babbar mota yake, a kan kujera mai iska, yana gaba muna biye. Bai taɓa shiga ba. Ko sau ɗaya.

"Ka tuƙa ta mil goma," ta ce. "In ka dawo ka ce lafiya take, ni da kaina zan sallami Emmett."

Muka naɗe bututun ruwa da wayar wuta, aka haɗa tirela. Delbert ya hau tsohuwar hanyar siminti ta yammacin gari, mai gaɓa-gaɓa, Twila na gefensa. Da suka dawo ya sauko a hankali, hannu a ƙeya. Bai dubi kowa ba.

"A kai ta sikelin," ya ce.

Aka auna motar da tirela a kanta, aka sake auna ta ita kaɗai. Hancin laba dubu biyu da ɗari shida yake saukewa. Mahaɗin Boyd an yi shi ne don fiye da ninki biyu na haka. Boyd ya karanta takardar awon, ya sosa kai, ya je ya ɗauko sifanoni ya taya Emmett kwancewa. Na ce muku ba mugu ba ne.

Emmett ya ɗaura ƙaramin, ya yi ta ƙara iska kaɗan-kaɗan har hancin ya tsaya daidai kan layin da aka zana masa. Wannan karon Twila ce ta tuƙa, Delbert na gefe. Sun daɗe ba su dawo ba. Daga baya ta gaya mini a bakin hanya ya sa ta tsaya.

"Shekara bakwai, Twila. Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa, Baba. Ka ce hanya ce."

Ya juya ya dubi gonaki.

"Ba rashin kunyar yaron ne ya dame ni ba," ya ce. "Tun da mahaifiyarki ta rasu, in na duba madubi na ga motar nan a bayana, sai in san ina da gida. In ya tafi da ke, wa zan gani?"

Ta kama hannunsa. Ba ta yi masa alkawarin komai ba, don ba ta iya ƙarya.

Da suka dawo Emmett na wanke hannu da sabulu a bakin famfo. Delbert ya tsaya a kansa.

"Na san ba mahaɗi kaɗai ya kawo ka mil ɗari biyar ba. Faɗi."

"Aurenta nake nema, Yallaɓai."

"Girbin baɗi fa? A gareji za ka zaunar da ita?"

"Wannan ba ni zan yanke ba. Ga ta nan."

Duk suka juya ga Twila.

"Kansas da Nebraska zan yi maka, Baba," ta ce. "Daga nan sai in koma gidana. Dakota ka nemi wani. Kuma duk wanda ka ɗauka, ka riƙa tambayarsa lafiyar jikinsa."

Delbert ya so ya yi ciniki, na gani a fuskarsa. Sai ya haɗiye.

"Rabi ya fi babu," ya ce, ya miƙa wa Emmett hannu, sabulu da duka.

A watan Nuwamba, bayan an shigar da injina rumfa, aka ɗaura auren a wata ƙaramar majami'a a Pratt. Boyd ne ya gasa naman. Da fasto ya gama, aka ce uban amarya ya yi magana. Delbert ya miƙe cikin kwat ɗin da ta matse shi, ya dubi angon.

"Ni ba gwanin magana ba ne. Wannan yaron ya ƙi kuɗina a gaban idona don kar 'yata ta sha wahala. Ban gode masa ba a lokacin, yau nake godewa. Twila, na yarda, kuma da zuciya ɗaya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da kakansu."

Jama'a suka yi dariya, suka ce amin. Twila ta rungume shi. Ya ɗan bubbuga bayanta, sannan ya kama hannunta da kansa ya sa a cikin na Emmett, ya koma ya zauna.