Abin da Mus'id Ya Binne

Magariba ta kawo jiki, Mus'id yana zaune shi kaɗai a kicin da shayinsa, sai ya ji dutse ya faɗo a kan rufi. Ya saurara. Na biyu ya biyo baya. Ya leƙa titi, babu kowa. Gidajen maƙwabta duk sun daɗe da zama kufai, tun da aka rufe masana'antar batir ɗin da ya yi wa aiki shekara ashirin bayan zuwansa jihar Ohio ta Amurka daga Yaman.

A makon ne 'yarsa Arwa ta fara aiki a filin masana'antar. Majalisar birni ta karɓi tallafin gwamnatin tarayya don a auna gubar da ke ƙasar kafin a gina gidaje, Arwa kuwa tana cikin masu haƙa ramuka suna ɗibar ƙasa. Tun rasuwar mahaifiyarta, ita kaɗai ta rage masa.

Jifan ya yi kwana huɗu. A na biyar Arwa ta dawo, ba ta cire takalmi ba, ta zauna ta juya wa bango fuska.

"Arwa, abinci na hucewa."

"Ba ta nan," in ji wata tsohuwar murya daga bakinta.

Mus'id ya kira Shehi Sabit, limamin ƙaramin masallacinsu, dattijo mai dogara sanda. Shehi ya zauna gefenta, ya yi ta karatu har jikinta ya ɗauki ɓari.

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Rufin ɗakin da na koma ta huda. Amma ba ita nake nema ba. Tambayi ubanta abin da ya binne a bayan rumbun kaya."

Mus'id ya san abin da ake nufi. Duro goma sha biyu ne, cike da dagwalon dalma. Shugaban ma'aikata ya ba da umarni, su uku suka haƙa. Biyun sun rasu, shi kuwa bai taɓa gaya wa ko matarsa ba.

"A kan gidanmu ya zuba," in ji muryar. "Mu tara ne. Saura ni."



"Me kake so?" in ji Shehi.

"Ya zo ya zauna tare da ni."

"Wannan ba za ka samu ba. Faɗi wani."

Muryar ta ce, "To ya nuna musu wurin. Inda suke haƙawa ba za su gani ba, sai su ɗora wa 'ya'yan wasu gidaje a kai."

"Zan nuna," Mus'id ya ce.

"Idan ka fita, ina za ka?" Shehi ya tambaya.

"Ko'ina ɗaya ne, Malam."

Arwa ta yi atishawa sau uku, ta sulale.

Da safe Mus'id ya bi ta filin, ya tsaya cikin ciyawa ya nuna da yatsa. Injin haƙa ya taɓa ƙarfe kafin azahar. Arwa ta rubuta bayaninsa, da sunansa, kamar yadda aiki ya tanada.

A mota ta ce, "Baba, a filin nan na yi wasa ina ƙarama."

"Na sani."

Da aikin ya ƙare aka tura ta wani gari. Takan kira ranar Juma'a, ta tambayi lafiyarsa, ya ce lafiya lau.