Ƙararrawar Sri Pada Ta Buga Biyu

Ni na fara kama igiyar ƙararrawar. Na ja sau ɗaya, tauuu, na saki ina dariya, hawaye na zuba saboda sanyi da murna. Rana ta fito kenan, inuwar dutsen Sri Pada ta kwanta a kan gajimare.

"Saura kai, Aiya," na ce da Rukshan, saurayina. Aiya, wato yaya, haka nake kiransa.

Ya ja. Tauuu...

Na miƙa hannu in riƙo shi mu wuce, amma bai saki igiyar ba. Ya runtse ido.

Tauuu!

Biyu.

Ko ɗan yaye a ƙasarmu ya san ƙa'idar: iya hawanka, iya bugunka. Kuma ba a haifi mai yi wa ƙararrawar nan ƙarya ba, ga sawun Buddha kusa da shi.

"Aiya... biyu fa ka buga."

Ya kasa kallona.

Tun muna makarantar horar da malamai mutumin nan ya dafa kaina ya ce, "Hawanmu na farko tare za mu yi, Nangi. Muna saukowa sai biki." Nangi, wato ƙanwa, haka yake kirana. 'Yan ajinmu suka tafi, na ƙi. Babana ya yi ta lallashina shekara da shekaru, na ce ƙafata ke ciwo. Ni sakarya, wai ina ajiye masa hawana na fari! Jiya ma a hanya, inda sababbin hawa ke soka allura su ja farin zare, ya soka tasa kusa da tawa, ko kunya babu.

"Ayya, Akka, ashe bai gaya miki ba?"

Ishara ce mai kirana Akka, wato yaya, 'yar kawunsa, wadda uwarsa ta daɗe tana so ya aura. Ta liƙe mana a tafiyar wai don ta riƙe wa uwar tasa jaka, don da ita muka hau. Ta langaɓar da kai kamar mai ta'aziyya.

"Bara muka hau, ni da shi da mamarsa. Har goya ni ya yi a matakalar ƙarshe, ƙafata ce ta kumbura."

Na buɗe baki. Sai uwarsa ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Sandamali, a kula da harshe. A kan dutse muke."

Tirƙashi! A kan dutsen nan ba a faɗa, ba a baƙar magana, ko "na gaji" ba a cewa. Duk wanda ka gamu da shi sai ka ce masa "Karunawai," tausayi ya lulluɓe ka. Ishara ta san haka sarai, shi ya sa ta zaɓi wurin. Ta soke ni inda ba ni da damar cewa wayyo.

Na ajiye furannina gaban sawun, na sunkuya, na tashi, na kama hanyar sauka.

"Nangi, tsaya... zinariyata, ki ji ni mana!"

"Karunawai," na ce.

"Ba yadda kike zato ba ne."

"Karunawai."

Ya sayo shayi da gurasar roti mai zafi a wata rumfa, ya biyo ni da su da gudu, shayin na zuba masa a hannu.

"Ko kurɓa ɗaya, ranki ya daɗe. Tun jiya ba ki ci komai ba."

"Karunawai!"

Wata tsohuwa mai hawa da sanda ta ji, ta washe baki. "Karunawai, 'yata. Kai, yarinyar nan akwai ladabi!"

Ladabi? Da kin san abin da ke tafasa a cikina, Kaka, da kin matsa gefe.

Ana cewa hanyar nan da safe babu irinta a duniya: ruwa na zubowa daga goshin duwatsu, malam-buɗe-littafi rawaya-rawaya na tashi garke guda, gonakin shayi shar a ƙasa. Ni dai ban ga komai ba sai matakala. A bayana ina jin Ishara tana rera waƙar masu ziyara da siririyar muryarta. Da muka iso wurin allura na ga zaren namu biyu sun sarƙe da na jama'a. Na kawar da kai.

Rana ta kusa tsaka muka fita daga babbar ƙofar gindin dutse. Na tabbatar ƙafafuna biyu sun ƙetare. Na dire jakata.

"Rukshan!"

Ya zabura. Ban taɓa kiran sunansa gatsau ba.

"Makaryaci! Munafuki! Farin ƙyallen sababbin hawa ka ɗaura a kanka jiya ko ba ka ɗaura ba?"

"Na ɗaura, amma..."

"Allura ka soka ko ba ka soka ba?"

"Nangi, mutane na kallo..."

"Su kalla! Tun daga sama nake haɗiye ta, yanzu sai ta fito!"

Ya haɗa hannuwa. "Mama ce ta yi bakance da ta warke daga ciwo. Ta ce in raka ta, mu biyu kaɗai. Sai a tashar mota na ga Ishara. Na rasa yadda zan gaya miki, na ji tsoron in rasa ki."

"Wane bakance?" Uwarsa ta gyara gyalenta. "Neman albarka na kai su, shi da 'yar ɗan'uwana. Ɓoyewa zan yi? Ɗana ba zai ƙare rayuwarsa cikin warin kirfa ba."

Babana ɓare kirfa yake yi. Da hannun nan nasa masu kaushi ya kai ni makaranta.

"Kirfar da babana ke ɓarewa, ita kike jefawa a miyarki kullum, ki lashe cokali," na ce. "Ba ki taɓa cewa tana wari ba sai yau."

"Kin ji ko? Kin ji tarbiyya?" in ji Ishara.

"Ke kuma mai kumburarriyar ƙafa, rufe min baki! Yau wa ya goya ki?"

"Mama, ya isa!" Rukshan ya daka tsawa, abin da bai taɓa yi wa uwarsa ba. "Ishara, tafi mota. Sandamali zan aura, kowa ya ji!"

Uwar ta dafe ƙirji. Ishara ta fashe da kuka. Maganar da na daɗe ina mafarkin ji ce, ga ta ta zo, kuma har cikin ƙashina ina son mutumin nan. Amma zuciyata ta ƙi motsi.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Me ya hana ka buga ɗaya ka saki?"

Ya yi ƙasa da murya. "Ba a yi wa ƙararrawar ƙarya, kin sani."

"To. Ƙarfe ka ji tsoro. Ni mai rai kuwa, shekara guda kana kallon idona kana min ƙarya."

Na zare zoben baikon da ya saka min, na buɗe tafinsa na saka.

"Haba zinariyata! Baɗi mu dawo, ni da ke kaɗai, mu sake daga farko..."

"Baɗi kai uku za ka buga, ni biyu. Baɗin baɗaɗa kai huɗu, ni uku. Har mu mutu ba za mu zo daidai ba, Aiya, kuma kullum hawanka da Ishara ne a tsakani."

Kwandastan motar garin Hatton na ta kiran fasinja. Na ɗauki jakata na hau, na zauna gefen taga. Ya zo ya tsaya yana kallona, zoben a hannu, bakinsa na motsi.

Motar ta tashi. Na leƙo.

"Karunawai," na ce masa. Wannan karon da gaske nake.