Ruwan Zafi a Gindin Tsamiya

"To wai wa yake zuba ruwan zafi a wurin nan kullum, safe da magariba?"

Raudatu tana durƙushe a bakin murhu tana tuƙa tuwo tambayar ta faɗo mata a kunne. Ba ita aka yi wa ba. Muryar Injiniya Kamaruddeen ce daga Kano, tana fitowa ta wayar mijinta Abdulkabir, wanda ya ajiye ta a kan tabarma yana kankare taɓon ƙafarsa.

"Ruwan zafi kuma, Injiniya? A gona?"

"Abin da na'urar take nuna min ke nan. Ta gindin tsamiyar nan taku. Da asuba danshi ya tashi, zafin ƙasa ya tashi, da magariba ma haka. Sauran duk lafiyarsu ƙalau. Ko dai shayi kuke dafawa a kanta?"

Abdulkabir ya yi dariya, amma gajeriya. Ya ce zai duba.

Tun farkon noman rani aka kawo na'urorin nan gonakin da ke shan ruwan dam ɗin Watari. A kowace gona an kafa sanda, a jikinta ɗan akwati da bai fi kwanon sha ba, a samansa farantin sola, daga ƙasansa kuma waya ta sauko zuwa wani ƙarfe mai yatsu uku da aka luma a cikin ƙasa. Ƙarfen yana jin danshi da zafi, ya gaya wa akwatin, akwatin ya miƙa wa na kusa da shi, wancan ma ya miƙa gaba, har labari ya kai ga babbar na'urar da ke kan tankin ruwan makaranta, ita kuma ta aika Kano. Daga can sai saƙo ya shigo wayar manomi: yau ka ba albasa ruwa, gobe ka ƙyale ta. Abdulkabir aka ba kulawa da na yankinsu, ya goge faranti, ya kori awaki. Ƙanwarsa Aina'u, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ta raɗa musu suna magulmata, sunan kuwa ya bi gari.

A ƙasar nan gona manne take da gona, ba taƙi guda da garma ba ta sani ba. Wuri ɗaya ne aka bari, gindin tsohuwar tsamiyar da ke ƙarshen gonar marigayi mahaifin su Abdulkabir, fili kamar faɗin ɗaki. Baban bai taɓa sa fartanya a nan ba, mahaifiyarsu Inna kuma ba ta barin yaro ya tsuguna a wurin, ba kuwa wanda ya taɓa faɗar dalili. Masu aikin sun zaɓe shi ne don tudu ne, saƙon gonakin nesa ba ya isowa sai an sami mai karɓa a tsakiya. Abdulkabir da hannunsa ya buga ƙarfen, rana tsaka, ana ta raha, ko sallama bai yi ba.

Raudatu ta sauke tukunya. Ladan ya fara kiran salla, kaji sun hau katanga, inuwa ta gama cinye tsakar gida. A nan ne dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano.

"Kai, yaran nan!" in ji Inna daga ɗakinta.

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo. Abdulkabir ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga ko ɗan akuya ba. Wani ƙaramin dutse ya gangaro ya tsaya a gaban Raudatu, ta sa hannu ta ɗauka. Jiƙaƙƙe ne, kuma da ɗumi, kamar yanzu aka tsamo shi daga tukunya. Ta kai shi hanci. Ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya ne. Ta ajiye shi a hankali a gindin murhu. Ita dama ba mai magana ba ce. A gidan nan muryarta ba ta wuce tsayin hannunta.

Haka magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana lafiya lau, ana daka, ana tankaɗe. Da zarar rana ta yi ja, sai kowa ya kama ɗaki, a bar tsakar gida ga duwatsu. Wani lokaci, in jifan ya lafa, akan ji wani siririn kuka daga bayan rumbu, Inna ta ce kyanwa ce, alhali gidan ba kyanwa.

Sannan abin ya sauka a kan Aina'u. Ita ce mai kai abinci gona, hanyarta kuwa ta gindin tsamiyar take bi. Yarinyar da ba ta wuce Raudatu ba tare da ta tsokane ta ba, "Matar Yaya, yau ma azumin magana kike?", ita ce ta koma ta yi shiru kamar an ɗauke wuta. Da yamma sai ta tattara duk zanin da ke ɗakin ta lulluɓa, ta manna bayanta da bango, jikinta na rawa.

"Ku kau da kai," take cewa, da wata murya mai kauri da ba tata ba. "Ana kallona. Ku ce su kau da kai."

An kai ta asibiti, aka yi mata allurar zazzaɓi, ba abin da ya sauya. Ta daina cin tuwo. Wuyanta ya zama kamar kara, idanunta suka faɗa. In Inna ta matsa mata, sai ta ce ita kunun kanwa take so, da gasasshen nama mai yaji. Wata safiya Raudatu ta shiga shara ta tarar da ita ta tamke cikinta da ɗankwali, tam, kamar za ta tsinke.

Raudatu ta tsaya da tsintsiya a hannu. Bara war haka tana gidan iyayenta, ana dafa mata ruwa a babbar tukunya safe da magariba, ana fyaɗa mata shi da ganyen darbejiya, ana ɗura mata kunun kanwa, ana ɗaure mata ciki. Jaririn kwana kaɗan ya yi ya koma, amma wankan sai da ta ƙarasa shi, hannunta ba kowa. Ta san wannan ƙamshi. Ta san waɗannan lokuta biyu da injiniya yake ta tambaya a kansu. Sai dai ta yaya za ta buɗe baki a gaban surukarta da mijinta ta ambaci irin wannan magana? Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shara.

Ranar da Aina'u ta kasa tashi ko da dafa bango, Inna ta aika aka ɗauko Malam Bunu daga wajen Tofa, dattijo ɗan asalin Barno wanda kakanninsa suka zauna a ƙasar Kano. Ya iso bayan la'asar da 'yar jakarsa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna, aka kwantar da yarinyar, aka rufe ta da mayafi. Abdulkabir ya zauna a bakin ƙofa, Raudatu ta raɓe a bayan Inna.

Malam ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana yi. Hasken da ke shigowa ta taga ya tashi daga fari ya koma ja. Can sai yatsun ƙafar Aina'u suka fara karkarwa, ta miƙe zaune cak, idanunta a rufe.

"Assalamu alaikum," in ji Malam. "Da wa nake magana?"

"Wa alaikumus salam." Muryar ta mace ce, babba, a gajiye.

"Musulma ce ke?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To kin san zalunci haramun ne. Me yarinyar nan ta yi miki?"

Malam ya maimaita, ya koma karatu, ya tofa a ruwa ya yayyafa. Jikin Aina'u ya murɗe, ta yi ƙara, jijiyoyin wuyanta suka tashi, amma amsa ɗaya ce take fitowa.

"Ba maganar da zan yi da maza ba ce. Ku ƙona ni in kun ga dama."

Malam ya share gumi. Ya dubi Inna ya ce a hankali, "In na tsananta, jikin yarinyar ba zai ɗauka ba."

Raudatu ta ɗago kai. Ta dubi ƙafafun Aina'u, sirara, har yanzu da sauran lallen da ita ta ƙunsa mata. Ta matso da bakinta kunnen Inna.

"Inna," ta ce, da ƙyar, "a tambaye ta... ko jego take."

Inna ta juyo ta zuba mata ido. Sannan ta rufe baki da gefen mayafi, ta faɗa wa Malam. Dattijon ya sauke idonsa ƙasa, ya juya gefe kamar yadda namiji yake yi in ya yi kuskuren shiga inda mata suke.

"Baiwar Allah," ya ce, "ashe ƙaruwa aka samu. Barka da arziki. Allah ya raya."

Sai muryar ta fashe da kuka.

"Ku da kuke da katanga," take cewa, "ku da kuke da makewayi da asabari. Ni ina nawa? Kun nome daji, kun nome fadama, ko'ina albasa, ko'ina tumatir. Ɗan wurin nan kaɗai mai gonar ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Ranar da na sauka, ranar ɗansa ya zo ya soka min ƙarfe a tsakiyar makewayi. In zuba ruwa, ƙarfe ya gaya wa akwati, akwati ya gaya wa ɗan'uwansa, kafin in ɗaura zani wani ƙato a birni ya san na yi wanka, har yana tambaya! Allah ya suturta mu, ku kuka tone mu. To ku ma ku ɗanɗana, ku ga 'yarku ana kallonta."

Abdulkabir ya dafe kai da hannu biyu. "Wallahi ban sani ba. Wallahi, Malam, ban sani ba."

"Ka yi sallama?" ta daka masa tsawa. "Ko kare in zai shiga gida yana tsayawa a zaure!"

"An yi miki laifi," in ji Malam Bunu, "amma ba yarinyar nan ta yi ba. Faɗi abin da kike so, ki fita."

"A tuge su duka. Duk magulmatan."

"Wannan ba zai yiwu ba. Abincin mutane ne. Da su ake sanin gonar da ke jin ƙishirwa, ruwan dam kuwa ba ya isar kowa in an yi ɓarna. Kada ki rama zalunci da wanda ya fi shi."

"To a tuge na wurina, da sandar da akwatin."

Abdulkabir ya ɗago. "Malam, a gaya mata... in aka cire akwatin, gonakin bayan tudu sun yanke ke nan, shi yake miƙo saƙonsu. Amma ƙarfen zan iya zarewa, in cire wayarsa. Akwatin ba zai ƙara jin komai na ƙasan wurin ba. Na wasu kawai zai riƙa wucewa da shi."

A waje, rana ta kusa faɗuwa.

"Ɗan aike ne ke nan, ba ɗan leƙe ba," in ji muryar a ƙarshe. "Na yarda. Amma da sharaɗi. Daga yau, duk wanda ya ga wani abu nawa a gidan nan, ko ya ji, ya haɗiye. Ranar da labarina ya sake fita daga bakin wani, ƙarfe ne ko mutum, zan dawo, kuma ba zan tsaya a jifa ba."

Malam ya sa ta yi rantsuwa, ta yi. Kafin ta tafi, kan Aina'u ya juya sannu a hankali, idanun nan a rufe, ya tsaya daidai inda Raudatu take ɓoye.

"Ke kin san zafin ruwan," ta ce.

Aina'u ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin Inna. Da ta buɗe ido, sai ta ce da 'yar muryarta, "Inna, yunwa nake ji. Akwai sauran tuwo?"

Kafin a kira salla Abdulkabir ya isa gindin tsamiya. Ya tsaya daga nesa ya yi sallama, ya juya fuskarsa gefe, ya zare ƙarfen da lalube. Ya gaya wa injiniya cewa iyali ba su yarda a auna wurin ba, injiniya ya ce ba komai, tunda akwatin yana nan yana aikinsa. Ƙarfen kuwa, da guntuwar wayarsa, aka rataye shi a ƙusa a cikin madafa, kafin masu shi su zo su karɓa.

Jifa ya tsaya. Aina'u ta murmure, bakinta ya dawo har ya fi da.

Wata magariba Raudatu ta shiga madafa ɗaukar ludayi, sai ta ji ɗigo a bayan hannunta. Ta ɗaga kai. Ƙarfen yana rataye inda yake, ba ya haɗe da komai, amma ruwa na bin yatsunsa uku yana ɗiga, wani siririn tururi na tashi daga jikinsa. Ƙamshin darbejiya ya cika madafar. Daga wani wuri da ba nesa ba, ba kuma kusa ba, ta ji jariri yana 'yan guna-gunin wanda ya ƙoshi.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zaro tsohon zanin goyon da ta ajiye tun bara a ƙasan kwallar da ke nan madafar, ta goge ƙarfen, ta naɗe shi ruf, ta mayar kan ƙusa.

"Matar Yaya!" Aina'u ta ƙwala daga tsakar gida. "Ludayin ne ya gudu, ko ke da shi kuke hira?"

"Ga ni nan," in ji Raudatu.

Ta taka ɗan danshin da ke ƙasa da tafin ƙafarta har ya bi turɓaya. Gobe ma zai ɗiga, ta sani, da jibi, har mai wankan ta yi arba'in. Ita za ta riƙa riga kowa shiga madafa. Ba kuma wanda zai ji, ba Inna, ba mijinta, ba Malam. Ta ɗauki ludayi, ta ja ƙyauren a bayanta.