Furen Abu Hujar

"Ba za ni ba, Mujtaba! Na ce maka ba za ni ba..."

Yana tsaye a ƙofar gidanmu, jaka a kafaɗa, idanunsa jajir. Can bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, motar da za ta kai danginsa Abu Hujar sai danna oda take. Kwana uku ke nan da yaƙi ya shigo Madani, ƙauyenmu na kusa da Hasahisa ya fara watsewa.

"Ibtisam, habibti, masoyiyata, liman yana nan. A ɗaura mana aure yanzu mu tahi tare."

"Baba fa? Wa zai juya shi? Wa zai ba shi kunu?"

"Mu ɗauke shi!"

"Ka manta ranar da muka kai shi asibiti? Saura ƙiris ya cika a raksha, keken nan mai ƙafa uku!"

Shekara biyu Baba na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Innata ta daɗe da rasuwa, yayana Yahya yana Libiya. Shi ma Mujtaba shi kaɗai ne namiji a kan mahaifiyarsa da ƙannensa mata uku. Duk mun san haka, muna dai faɗa ne don kada mu yi kuka.

Ya ajiye jakar, ya durƙusa gaban furena da ke gindin katanga.

Bara ya kawo mini shi a gwangwanin madara, lokacin yana aiki a wata gonar raino da sayar da furanni a Madani. A gaɓar kogi ya haƙo shi, a Abu Hujar, garin kakanninsa. Ƙananan furanni ne ruwan ƙwai, kowanne da baƙin ido a tsakiya. Ranar dariya na yi har da riƙe ciki. "Samari na kai turare, kai ka kawo mini ciyawa?"

Yanzu ya shafa ganyen, bai ɗago ba.

"Kada ki cika mishi ruwa, saiwar ruɓewa take. Furen da ya bushe ki tsinke, wani zai hito. In rani ya ƙone shi ki datse shi har ƙasa, kada ki tuge. Kin ji?"

"Na ji..."

"Zan dawo, wallahi zan dawo, ya ke sanyin idona."

Ban raka shi ba. Ina jin tashin motar na shige ɗaki na cusa fuskata a zanen Inna.

Famfo ya ƙafe a wata na biyu. Kullum da safe na ɗauko jarka biyu daga tur'a, na wanke Baba, na dafa abin da ya samu. Ruwan alwalata nake tarewa a kwano na zuba wa furen. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk la'asar ina tsinke busassun kawunan ɗaya bayan ɗaya, ina ba shi labarin yinina kamar mahaukaciya.

Wata rana na juyo na ga Baba yana kallona daga kan gadonsa a rumfa, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya mutu.

"Ɗiyata... na tsare ki."

"Haba Baba! Kada ka sake faɗin haka."

"Yaron kirki na... da kin bi shi."

Na goge masa fuska, na ce kunu na kan wuta. A bayan ɗaki na yi kukana.

Da rani ya tsananta furen ya ƙone ƙurmus. Na ɗauki wuƙa na datse shi har ƙasa kamar yadda aka ce mini. Wata uku ina zuba wa kututture ruwa. Maƙwabciyarmu Sabah ta ce, "Ma'alesh, sai haƙuri, Ibtisam, wanga abu ya mutu." Amma ruwan damina na biyu da ya sauka, sai ga 'yan tsiro kore shar!

Waya kuwa sai a yi watanni babu layi. Saƙonsa huɗu kacal suka iso ni. A na ƙarshe muryarsa cike da dariya: "Na gina mana ɗaki, habibti. Da hannuna na yi yaɓen."

Baba ya rasu wata Juma'a da hantsi, kansa a cinyata. Da aka yi arba'in hanya ta buɗe. Na haƙa gindin furen, na raba saiwar biyu, na bar wa Sabah rabi, na sa rabi a gwangwani. Yini guda na yi a motar Abu Hujar ina kare shi da mayafina, ina murmushi ni kaɗai.

Ƙanwarsa Ruƙayya ce ta buɗe mini ƙofa. Tana ganina ta dafe kai ta ƙwalla ƙara.

"Hajja! Hajja, ga Ibtisam!"

Hajja Mero, mahaifiyarsa, ta fito tana dafa bango. Ta rame sosai. Ta riƙo kafaɗuna.

"Ya bitti, ɗiyata... saƙo bai ishe ki ba?"

"Wane saƙo? Ina Mujtaba?"

"Yau kwana goma sha tara. Kwalara. Shi ke ta ɗaukar marasa lahiya zuwa asibiti, har ta kama shi. Yini biyu ya yi..."

Ban san sanda Ruƙayya ta karɓe gwangwanin daga hannuna ba. Suka shigar da ni sabon ɗakin, na zauna a ƙasa. Ga sawun yatsunsa a jikin yaɓen.

Da na iya buɗe baki na ce, "Hajja, wata huɗu da kwana goma ne, ko? Ki ba ni zanen takaba."

Ta durƙusa ta rungume ni.

"Ba a ɗaura aure ba, ɗiyata, babu takaba a kanki... Makokin kwana uku na naki."

A wannan ɗakin na yi su. Ranar na huɗu da safe na nemi motar Hasahisa.